Baƙin Hunturu a Fadamar Haɗeja da Nguru

Da zarar ruwan sama ya ɗauke, aka kai amfanin gona gida, iskar arewa ta taso da hazo, galibin ƙasar Hausa bushewa take yi. Ciyawa ta mutu, kududdufai su ƙafe, itatuwa da yawa su kaɗe ganye. Amma a gabashin Jigawa da yammacin Yobe abin ba haka yake ba. Can ne Kogin Haɗeja da Kogin Jama'are suke rarrabuwa ƙorama-ƙorama a tsakanin tsofaffin tuddan rairayi, kafin su haɗu wajen Gashuwa su zama Komadugu Yobe, wanda ke gangarawa Tafkin Chadi. Ambaliyar Agusta da Satumba takan malale wannan fili, ta kwanta, sannan ta riƙa janyewa sannu a hankali har tsakiyar rani. Shi ya sa a lokacin ɗari, daidai sa'ad da sauran ƙasa ta zama ƙura, wannan fadama take cike da ruwa da kifi da bado, da kuma tsuntsaye dubbai a kan dubbai. Masana sun lissafa fiye da iri 370 na tsuntsaye a yankin.

Wanda ya isa bakin Tafkin Nguru ko fadamar Baturiya ko ta Dagona da sassafe cikin Janairu, kunnensa ne zai fara ba shi labari kafin hazo ya yaye. Fito ne siriri mai gaɓa uku, yana zuwa daga sama ta ko'ina. Kirinjijiya ke nan, agwagwar ruwa mai farar fuska da dogon wuya, tana dawowa daga kiwon dare. Ita 'yar gida ce, a nahiyar Afirka take ƙyanƙyasa da damina, kuma da rana za a gan ta garke-garke a kan tsibiri, a tsaye ƙiƙam. Kusa da ita akwai dinya, wadda ta fi duk danginta na nahiyar girma, baƙa mai fari a ciki da jan baki, da ƙaya a gwiwar fiffike wadda take faɗa da ita. Akwai dani, wanda namijinsa ke da tozo a kan baki. Zalɓe yana tsaye cikin ruwa ba motsi, jinjimi yana caccakar taɓo, balbela kuwa tana biye da shanun makiyaya, tana gaskata kirarinta na ci da motsin wani. Zakaran ƙeƙuwa shi ne mai gadin wurin: da ya hango mutum sai ya tashi da ihu, ya sanar da kowa.

Sai dai a tsakiyar ruwa, nesa da gaɓa, akwai wasu agwagin da ba a ganinsu da damina. Ƙanana ne, launin ƙasa-ƙasa, kuma sun fi 'yan gida tsoro. Waɗannan su ne baƙin hunturu. Mafi yawa a cikinsu ita ce wadda masana ke kira Spatula querquedula. Nauyinta da kyar yake kai rabin kilo, namijinta kuma yakan fito da farar gira mai lanƙwasa tun daga ido har ƙeya idan lokacin komawa ya gabato. A fadamun Turai da yammacin Saiberiya take ƙyanƙyasa. Idan sanyi ya matso ƙasashen, kafin ruwa ya daskare, sai ta yo kudu, ta ƙetare Bahar Rum, ta ƙetare Sahara mai faɗin kusan kilomita 2,000, ta sauka a ɗaya daga cikin manyan fadamun Sahel: bakin Kogin Senegal, ko fadamar Kogin Kwara da ke tsakiyar Mali, ko yankin Tafkin Chadi, wanda Haɗeja da Nguru ke cikinsa. Tare da ita akan ga mai dogon wuya da tsinin wutsiya, Anas acuta, da mai faɗin baki wadda ke tace ƙananan halittu daga saman ruwa. A gonakin shinkafar da aka girbe kuwa, wani tsuntsu mai dogayen ƙafafu, Calidris pugnax, yakan sauka da yawa har ya rufe fili yana tsintar ƙwayar da ta zube. Wasu daga cikin irinsa daga can ƙuryar Saiberiya suke tasowa.

'Yan ci-rani ne a gaskiya, kamar namu. Sukan bar gida idan abinci ya yanke, su zo inda ake samu, su tara abin komawa, su juya a Fabrairu da Maris. Abin da suke tarawa kitse ne, domin shi ne guzurin hamada. Shamuwa kuwa tafiyarta ta saɓa da tasu. Ita baƙuwar damina ce, tana zuwa da ruwan farko ta yi sheƙa a cikin gari, kafin ɗari kuma ta yi kudu zuwa gabashi da kudancin Afirka. Da wuya shamuwa da agwagwar Turai su daɗe tare a wuri ɗaya, kowacce da watanninta.

Idan agwagi kallon nesa ne, tsuntsayen da ke kamun kifi da baki kallon kusa ne, kuma a wurinsu ne mai haƙuri yake cin riba. Wanda aka fi gani shi ne mai zanen baƙi da fari, Ceryle rudis. Yakan tashi sama da ruwa, ya tsaya cak a iska yana kaɗa fikafikai da sauri, baki a ƙasa, jiki na rawa amma kai bai motsa ba. In ya ga abin da yake so sai ya naɗe fikafikai ya faɗo, ya nutse, ya fito da ɗan kifi. Aikin ya fi yadda ake gani wuya, domin ruwa yana karkatar da haske, kifin ba ya daidai inda ido ke nuna shi, duk masuncin da ya taɓa sukar kifi da mashi ya san haka. Tsuntsun yana rage wannan kuskure ta hanyar faɗowa kusan a miƙe. Da yake ba ya bukatar reshen da zai zauna ya yi kwanto, yana iya farauta a tsakiyar tafki inda danginsa ba sa zuwa, har ma yakan haɗiye ƙaramin kifi yana cikin tashi. Babba kuwa sai ya kai shi kan kututture, ya bubbuga shi, ya juya shi ta kai, sannan ya haɗiye don kada ƙaya ta tsaya masa a wuya. Ana rarrabe jinsinsa ta ƙirji: namiji ɗamara biyu baƙaƙe gare shi, mace ɗaya, ita ma a tsinke a tsakiya. Ba ya sheƙa a bishiya, rami yake haƙawa a jikin gaɓar kogi, kuma sau da yawa wasu mazan da ba su da iyali sukan taya ma'aurata ciyar da 'ya'ya.

Ƙaninsa, Corythornis cristatus, bai wuce santimita 13 ba. Shuɗin baya gare shi mai walƙiya, da jan baki da jajayen ƙafafu. Shi a kan karan ciyawa yake zama, dab da ruwa, yana ɗaga kai yana saukewa, kuma galibi ba a lura da shi sai ya gilma. Waɗannan biyu da ido suke ci. Saboda haka inda suka yi yawa, alama ce akwai ƙananan kifaye, ruwan kuma bai gurɓace ba. Inda suka ɓace, masunci ma ya fara shirin canza wuri.

A nan ne kallon tsuntsaye ya wuce nishaɗi. Tsuntsun ruwa ma'auni ne na lafiyar kogi, kuma labarin da ma'aunin ke bayarwa a wannan fadama ba mai daɗi ba ne. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, dukansu a kan rassan Kogin Haɗeja, domin noman rani da ruwan shan Kano. Farin shekarun 1970 da 1980 ya zo ya ƙara. Filin da ambaliya ke malalewa, wanda ya haura murabba'in kilomita 2,000 a ƙarshen shekarun 1960, ya koma ƙasa da 1,000 a wasu shekarun 1980. Ba yawan ruwan kaɗai ya canza ba, har da halinsa. A da kogi yakan cika da damina ya bushe da rani, bushewar nan kuma ita ke kashe ciyawar da ke son ruwa kullum. Da aka fara sakin ruwa daga madatsai duk shekara, sai kachalla ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta karkatar da ruwa zuwa mashigar Marma da Tafkin Nguru, har wasu ƙauyuka suna fama da ambaliya wasu kuma suna jiran ruwan da bai iso ba. Agwagwa tana son buɗaɗɗen ruwa marar zurfi, kachalla ta rufe shi. Wanda ya ci ribar kachalla shi ne tsuntsun nan jan baki, wanda ke kwana a cikinta ya wayi gari a gonar shinkafa da gero. Feshin da ake yi masa kuma ba ya tantance tsuntsu, kamar yadda ƙwayar da wasu mafarauta ke jiƙawa da guba ba ta tantancewa, ga kuma haɗarin da ke kan wanda ya ci naman.

Abin da ya sami ruwan Sahel yana bayyana har a Turai. A bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya suka ga wani ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a shekara guda. Bincike ya nuna ba a can matsalar take ba, ƙarancin ruwan sama na 1968 a Sahel, inda tsuntsun ke cin rani, shi ya hallaka su. Daga baya masanin Holan Leo Zwarts da abokan aikinsa, a littafinsu na 2009 kan fadamun Sahel, suka nuna cewa yawan wasu zalɓe da ke ƙyanƙyasa a Turai yana hawa da sauka ne gwargwadon ambaliyar da aka samu a Afirka ta Yamma. Wannan dangantaka ce ta jawo hankalin duniya kan Haɗeja da Nguru. A 1987 aka kafa shirin kare fadamar, da hannun ƙungiyar IUCN da RSPB ta Birtaniya da Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, NCF. Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya ziyarci Dagona a 1989. A shekarar 2000 Tafkin Nguru da mashigar Marma, hekta 58,100, suka zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin Yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran ranar 2 ga Fabrairu, 1971. Dagona da Baturiya sun bi sahu a 2008, a 2020 kuma UNESCO ta sanya yankin Haɗeja da Nguru da Bade cikin muhimman wuraren halittu na duniya.

Kada a ɗauka wannan zance ne na fifita tsuntsu a kan mutum. Ruwan da agwagwa ke sauka a kai shi ne ke shayar da shinkafar fadama, shi ke barin laimar da ake shuka wake bayan ya janye, shi ke fito da ciyawar da makiyaya ke kawo shanu dominta, shi ke cika komar masuntan Bade, shi kuma ke nutsewa ƙasa ya cika rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogi. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokansa suka auna abin da fadamar ke bayarwa ta noma da su da itacen wuta, suka gwada da abin da manyan gonakin ban-ruwa na sama ke bayarwa. Suka tarar cewa, idan aka yi lissafi da yawan ruwan da kowanne ke sha, amfanin fadama ya ninka na gonakin sau da yawa. Bukatar tsuntsu da ta talakan fadama ɗaya ce: a saki ruwa da yawa a lokacin damina, a bar kogi ya huta da rani, a buɗe hanyoyin da kachalla ta toshe.

Ba a gyara abin da ba a auna ba, kuma awon nan ba ya bukatar digiri. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a kowane Janairu, kuma mafi yawan masu yin ta 'yan sa-kai ne. A ƙasar nan cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga kusa da Jos tana horar da ɗalibai, tana kuma jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda matasa ke shigar da abin da suka gani ta waya. Mai son farawa ya fita bayan sallar Asuba zuwa hantsi, ko da la'asar sakaliya. Ya sa tufafi marasa haske, ya bar rana a bayansa, ya zauna wuri ɗaya ya yi shiru. In da tabaran hangen nesa, madalla, in babu, ido da littafi da biro sun isa farawa. Ya rubuta rana da wuri da irin tsuntsu da yawansa. Idan garke ya yi yawa, sai ya ƙirga goma, ya ga faɗin da suka ci, ya auna sauran da shi. Kada ya tayar da su don ya ga tashinsu, domin kowane firgici yana cin kitsen da za su ƙetare hamada da shi.

Mafi muhimmanci, ya zauna da masunta da mafarauta da dattawan bakin ruwa. Su suka san sunan kowane tsuntsu da Hausa da Badanci da Barbarci da Fulatanci, sun san watan zuwansa da tafkin da yake so, sun kuma san wanda aka daina gani. Gauraka, wadda a da ake jin kukanta a fadamun Arewa, yau ta kusa ƙarewa a Najeriya, kuma yara da yawa sunanta kawai suka sani. Ilimin da ke bakin dattawan nan tarihin kogin ne, kuma ba a rubuta mafi yawansa ba. Ya kamata makarantun Haɗeja da Guri da Kirikasamma da Nguru da Gashuwa su riƙa fita da ɗalibai bakin ruwa kowane hunturu, su ƙirga, su rubuta, su ajiye. Shekara goma na irin wannan rubutu hujja ce da jama'ar fadama za su iya ajiyewa a gaban hukumomin da ke riƙe da makullin madatsai, ranar da ake shawarar yadda za a raba ruwa.