"Ai Amurka Ma Ta Halatta": Gaskiyar Inda 'Yan Majalisun Jihohi Suka Tsaya Kan Tabar Wiwi

Duk wanda ya yi wa matashi faɗa kan shan wiwi a 'yan shekarun nan, da wuya bai ji wannan amsa ba: "Haba Baba, ai Amurka ma ta halatta." Da ita ake rufe bakin iyaye, don yawancinsu ba su san yadda abin yake a can ba. To, maganar ba haka take ba. Amurka a matsayin ƙasa ba ta halatta shan wiwi don nishaɗi ba. Jihohi ne, kowace da tata dokar, kuma har yau 'yan majalisunsu na kai ruwa rana. Wasu na turawa gaba, wasu sun kafe, wasu kuma da suka kwance da farko sun dawo suna ɗaurewa.

A 1970 majalisar tarayyar Amurka ta kasa ƙwayoyi rukuni-rukuni, ta sa wiwi a rukunin farko, mafi tsanani, tare da hiroyin. Kalifoniya ce ta fara karkacewa a 1996, da ta amince marasa lafiya su yi amfani da ita bisa shawarar likita. A Nuwamban 2012 Kolorado da Washinton suka yarda baligi mai shekara 21 ya saya ya sha. Da Ohayo ta bi sahu a 2023, jihohin da suka yi haka sun cika 24 cikin 50. A 2024 gwamnatin Biden ta fara shirin sauke wiwi zuwa rukuni na uku, amma na ukun ma rukunin magunguna ne da sai da takardar likita, ba izinin kowa ya kunna ba ne.

Abin da ba a faye faɗa ba shi ne, ba 'yan majalisa ne suka buɗe wannan ƙofa ba. A kusan rabin jihohin Amurka, jama'a na iya tara sa hannu su kai doka gaban masu zaɓe kai tsaye, ba tare da ta bi ta zauren majalisa ba. Ta wannan hanyar Kalifoniya da Kolorado da Washinton da Ohayo suka bi. Zaɓaɓɓu sun daɗe suna noƙewa, domin ba wanda yake so abokin hamayya ya kira shi mai ɗaure wa 'yan ƙwaya gindi. Sai a 2018 majalisar jihar Bamont ta zama ta farko da ta halatta riƙe wiwi kaɗan da hannunta, bayan gwamna Phil Scott ya hau kujerar na-ƙi a shekarar da ta gabata, sannan ya sa hannu da aka yi gyara. A 2019 majalisar Ilinoi ta zama ta farko da ta tsara har da sayarwa a shago.

Masu goyon baya a majalisun nan ba sa tashi su ce wiwi abin kirki ce. Hujjarsu ta farko kamu ne. Ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta fitar da rahoto a 2020 da ya nuna ana kama baƙar fata kan wiwi fiye da ninki uku da rabi na yadda ake kama farar fata, alhali shan nasu kusan ɗaya ne. Kamu ɗaya a can yana bin mutum har tsufa: ya nemi aiki a duba, ya nemi gidan haya a duba. Shi ya sa a jajiberin fara aiki da dokar Ilinoi, gwamna JB Pritzker ya yafe wa mutum fiye da 11,000 ƙananan laifukan wiwi. A Niyok, Crystal Peoples-Stokes, shugabar masu rinjaye a majalisar wakilan jihar, ita da Sanata Liz Krueger, sun yi shekaru suna dagewa cewa ba za su karɓi dokar da ba ta koma da kuɗi unguwannin da kamun ya fi ɗaiɗaitawa ba. Dokar da aka sa wa hannu a Maris 2021 ta ware musu kashi 40 cikin ɗari na harajin. Wannan hujja tana da nauyi, kuma bai kamata mai adawa da wiwi ya yi watsi da ita ba. Amma hujja ce a kan zaluncin kamu. Ba shaidar lafiyar ganyen ba ce.

Hujja ta biyu kuɗi ne, kuma ita ce mai saurin shiga kunnen gwamna. In jihar maƙwabta na karɓar haraji daga mutanenka da ke tsallakawa su sayo, me zai sa ka bar mata? Da wannan gwamnan Fensilbaniya Josh Shapiro ke matsa wa majalisarsa. A Mayun 2025 majalisar wakilan jihar ta amince da ƙuduri da ƙuri'a 102 da 101, kwamitin majalisar dattawa kuma ya kashe shi cikin 'yan kwanaki.

Niyok ɗin nan ita ce misalin yadda doka mai kyau a takarda ke ɓacewa a titi. An halatta sha a 2021, amma shagon farko mai lasisi bai buɗe ba sai ƙarshen Disamban 2022. A tsakanin nan shagunan da ba su da lasisi suka cika birnin, suna sayar da kayan da ba wanda ya gwada, har ga yaran da ba su kai shekaru ba. Sai da 'yan majalisa suka dawo a 2024 suka ba hukuma ikon garƙame irin waɗannan shaguna da kwaɗo. Bajiniya kuwa ta tsaya tsakiyar ruwa: tun Yulin 2021 baligi na iya riƙe kimanin giram 28, amma gwamna Glenn Youngkin ya ƙi sa hannu kan ƙudurin buɗe kasuwa a 2024, ya sake ƙi a 2025. Wato a waɗancan shekarun an yarda ka riƙe, amma ba shagon halal da zai sayar maka don nishaɗi. Daga ina mutane za su samo, in ba daga dilolin da aka ce za a kawar ba?

Akwai kuma inda jama'a suka ce e, masu mulki suka ce a'a. A Dakota ta Kudu masu zaɓe sun amince a 2020, gwamna Kristi Noem ta mara wa ƙarar da aka shigar baya, kotun ƙolin jihar ta soke dokar a 2021. Da aka sake tambayar jama'a a 2022 da 2024, sai suka ƙi da kansu. A Filorida a 2024 kusan kashi 56 cikin ɗari sun amince, amma tsarin mulkin jihar na buƙatar 60. Gwamna Ron DeSantis ya yaƙi shirin, alhali Donald Trump, ɗan jam'iyyarsu kuma mazaunin jihar, ya ce zai kaɗa masa ƙuri'a. Don haka kada a ɗauka jam'iyya ce kaɗai ke raba layi. A Delawaya gwamnan lokacin John Carney ɗan Dimokurat ne, amma ya hau kujerar na-ƙi a 2022, a 2023 kuma ya bar dokar ta wuce ba tare da sa hannunsa ba. A Aidaho 'yan majalisa sun ƙara tsanani ne ma a 2025, suka yanka tarar da ba za ta gaza dala 300 ba ga wanda aka kama da ko 'yar kaɗan. Oklahoma, wadda ta yarda da wiwi ta magani a 2018 har gonaki da shaguna suka yi mata yawa, ta yi fatali da ta nishaɗi a Maris 2023 da fiye da kashi 60 cikin ɗari.

A ganina, darasin da ya fi dacewa da iyaye yana Kolorado, jihar da aka fara sayarwa ranar 1 ga Janairun 2014. A 2021 majalisarta ta dawo ta tsuke doka kan tataccen man wiwi, ƙarƙashin jagorancin kakakin majalisa Alec Garnett da Yadira Caraveo, wadda likitar yara ce. Suka rage abin da mai takardar magani zai saya a rana, ɗan shekara 18 zuwa 20 kuma aka tsayar da shi a giram biyu. Dalili kuwa, wiwin yau ba irin ta da ba ce. A tsakiyar shekarun 1990 sinadarin THC, wanda shi ke sa maye, bai wuce kashi 4 cikin ɗari ba a ganyen da hukumomin Amurka ke kamawa. Yanzu ya kai wajen 15, a tataccen mai kuwa yana haura 60. Binciken da mujallar Lancet ta fannin taɓin hankali ta wallafa a 2019 ya gano cewa mai sha kullum ya ninka wanda bai taɓa sha ba sau uku wajen haɗarin kamuwa da taɓin hankali, in kuma mai ƙarfin yake sha, kusan sau biyar. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kusan uku cikin goma na masu sha suna kaiwa matakin da shan ya zame musu matsala. Sai kuma alawa da cakulan da ake cuɗawa da sinadarin. Rahotannin yara 'yan ƙasa da shekara shida da suka ci irin wannan alawa a Amurka sun tashi daga 207 a 2017 zuwa 3,054 a 2021. Yaro bai san lasisi ba, alawa kawai ya gani.

'Yan uwanmu da ke karatu ko neman abinci a Amurka su saurara da kyau, domin nan ne tarkon yake. Harkar shige da fice ta gwamnatin tarayya ce, ba ta jiha ba. Ɗan ƙasa zai shiga shago a Niyok ko Shikago ya saya ya fito lafiya. Kai mai bizar karatu ko katin zama, abin da ka yi laifi ne a dokar da ke riƙe da takardunka. A Afrilun 2019 hukumar ba da takardar zama ɗan ƙasa ta bayyana ƙarara cewa shan wiwi, ko aiki a gona ko shagonta, na iya hana mutum takardar ko da jiharsa ta halatta. Ba sai an gurfanar da kai ba. Amsa laifi da bakinka a gaban jami'i na iya isa a hana ka shiga ƙasar. Tsallaka iyakar jiha da ita laifin tarayya ne, ko da jihohin biyu duk sun halatta. Fita da ita waje kuwa ya fi muni. Brittney Griner, shahararriyar 'yar ƙwallon kwando, an kama ta a filin jirgin Mosko a Fabrairun 2022 da man wiwin da bai kai giram ɗaya ba. Tana da takardar likita daga jiharta, amma aka yanke mata shekara tara, sai da musayar fursunoni ta fito. Wanda ba shi da gwamnatin da za ta yi masa irin wannan ciniki, ya yi tunanin abin da zai tarar a Jidda, inda safarar ƙwaya ke kai mutum ga hukuncin kisa.

A gida Najeriya kuwa, majalisar dokokin jiha ba ta ma da ta cewa. Tsarin mulkin 1999 ya sa harkar ƙwayoyi cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Marigayi gwamnan Ondo Rotimi Akeredolu ya yi ta kiran a yarda da noman wiwi don magani da masana'antu tun 2019, wasu 'yan majalisar wakilai irin su Benjamin Kalu da Miriam Onuoha sun kawo ƙuduri, amma bai zama doka ba, shugaban hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta NDLEA Buba Marwa kuma ya fito fili ya yi adawa. Hujjarsa tana cikin alƙaluma: binciken da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 10.6 ke shan wiwi a Najeriya a 2018. Ko a Gana, inda ake yawan cewa an halatta, abin da majalisa ta amince da shi a 2020, ta kuma sake tabbatarwa a 2023 bayan kotun ƙoli ta soke sashen, noma ne da lasisi na irin da THC ɗinsa bai wuce ɗigo uku cikin ɗari ba, wato kashi 0.3, don zare da iri da magani. Wannan ba ya bugar da kowa. Mai busa hayaƙi a Nima ko Zangon Kumasi har yanzu mai laifi ne.

Abin da ya iso mu daga wannan canji na ƙasashen waje shi ne kayan da kansu. NDLEA na yawan sanar da kama wiwi mai ƙarfi, wadda 'yan hannu ke kira Laud, a tashoshin ruwan Legas, an ɓoye ta cikin kwantenonin motocin da aka yi odarsu daga Kanada. Akwai kuma wadda ake kira Kolos, da hukumar ta ce haɗin sinadarai ce. A shagon Kolorado mai lasisi, ko ba komai, an rubuta ƙarfin kayan a jikin kwali, an gwada shi a ɗakin bincike, mai gadi kuma na duba katin shekaru a bakin ƙofa. Ƙullin da ake miƙa wa ɗan sakandare a bayan tasha ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma dokar NDLEA ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu yana riƙe da shi.