Jakin Haidira da Furar Ƙauran Namoda

A ƙasar Girka akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Haidira, tafiyar kamar awa biyu a jirgin ruwa daga tashar da ke gefen birnin Atina. Doka ta hana mota da babur yawo a cikinsa, in ban da 'yan motocin hukuma irin na kwasar shara. Baƙo in ya sauka da akwatinsa, jaki ko alfadari ne zai kai masa kayan masauki. Ranar da na fara jin labarin sai da na yi dariya. Ashe jakin nan da muke ɗora wa mangalar taki, muna zaginsa muna duka, a wani wurin attajirai ke biyan kuɗi mai tsoka don su bi bayansa suna ɗaukar hoto.

Girka tana da tsibirai kusan 6,000, waɗanda mutane ke zaune a kansu ɗari biyu ne da 'yan kai. A shekarar 2023 baƙi fiye da miliyan 30 suka shiga ƙasar, ita kuwa jama'arta miliyan 10 ce da ɗoriya. To me baƙon yake yi in ya isa ƙaramin tsibiri? Kusan ba komai. Ya tashi ba agogo ne ya tashe shi ba, ya yi wanka a teku, ya ci kifin da aka kamo da asuba, ya taka zuwa wani tsohon coci a kan tudu, ya dawo ya zauna a inuwa. Lokacin zafi, daga ƙarfe 3 zuwa 5:30 na yamma, doka ce ta hana damun maƙwabci da hayaniya, wato ƙailula da hatimin gwamnati. Wani tsibirin ma, Ikariya, ya yi suna ne da yawan tsofaffin da ke haura shekara 90, ana danganta hakan da abincinsu na ganye da wake, da yawan tafiyar ƙafa, da rashin gaggawa.

Bahaushe bai saba ɗaura kaya ya ce zai tafi hutu kawai ba. Tafiyarsa da dalili take: fatauci, cin rani, neman karatu, aikin Hajji, ko ziyara. Hutunsa a cikin ziyarar yake ɓoye shi. Ma'aikacin da ya ce zai je gida ya gano tsofaffi, gaskiya ya faɗa, amma har da barcin da ya yi wata shida bai samu ba a Kano ko Kaduna.

Ni ma haka na san hutu. Da an rufe makaranta bayan kaka, sai a tura mu wani ƙauye da ke arewa da Ƙauran Namoda, gidan kakarmu. Lokacin an gama yankan gero, dammuna sun cika rumbu, iskar hunturu ta fara busa leɓe. Da hantsi 'yar Fulani za ta shigo da ƙwarya a ka, faifai a rufe, nono mai kauri da man shanu yana yawo a sama. Kaka ta ɗauko curin furar da ta kirɓa da citta da kanumfari, ta dama da ludayin duma, ba ta yarda da na roba ba. In ta ga ina ta leƙen ƙofa don abokai na jira, sai ta ce, "Mai gidana, zamna ka sha hura, rana ba gudu takai ba." In na ce ba na auren tsohuwa, ta ce to in biya furarta.

Da rana gulbi muke tafiya. Gulbin Gagare in rani ya kama yashi ne shimfiɗe, sai ka tona da hannu kamu ɗaya ko biyu ruwa ya taso, mai sanyi kamar daga randa. A gefe masu lambu na ban ruwa ga albasa da tumatir. Da dare in akwai farin wata 'yan mata su fito gaɗa, samari su nufi inda kalangu ke tashi, domin kaka ita ce lokacin dambe, tun zamanin da rundawa ke bin gari gari suna neman abokin karo. Duk abin da Bature ke ƙetare teku yana nema, ban da tekun, a nan muka same shi, kuma ko kwabo ba mu biya ba.

Mai son tarihi ma ba zai yi zaman banza ba a wannan yanki. Dutsi, inda ake cewa nan Zamfarawa suka fara kafa sarautarsu, a ƙasar Zurmi take. Ƙaura kuwa ta ci sunan Namoda, jarumin Alibawa da ya yi yaƙi a ɓangaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a jihadin da ya kai ga faɗuwar Alƙalawa a 1808. A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya tuƙe a Ƙaura, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da fatu, baƙi daga kudu suka kafa unguwanni. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis kuwa, wanda ya ci ta lokacin da take tashe ya san har daga Nijar ake koro mata dabbobi.

Sai dai duk wannan da na lissafa, yau wa zai kai iyalinsa? Hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ta Moriki, da ta Zurmi zuwa Jibiya, sun zama hanyoyin da direba ke tambayar na gaba da shi kafin ya tayar da mota. Ƙauyuka da dama sun watse, wasu sai sun biya 'yan bindiga kuɗi kafin a bar su su girbe abin da suka shuka. A watan Satumbar 2021 gwamnati ta sa aka katse layukan waya a jihar Zamfara, aka rufe kasuwannin mako. Bature na biyan kuɗi ya je inda zai kashe wayarsa ya huta. Mu an kashe mana tamu, barcin kuma bai zo ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙwaryar nan ta hantsi. Fura ba ta haɗuwa sai da geron manomi da nonon makiyayi, kuma a garuruwa da yawa yanzu mutanen biyu ba sa iya zama a inuwa ɗaya.

Lokaci lokaci akan ji jami'ai na maganar bunƙasa yawon buɗe ido a Zamfara, a ambaci dutsen Kwatarkwashi, da tsaunukan Kanoma, da madatsar Bakolori. Wuraren sun cancanta, ban musa ba. Amma mutanen Haidira ba wani abin mamaki suka gina ba, garinsu suka bari yadda yake, baƙo kuma ya tabbata zai kwana ya tashi lafiya. Mu baƙonmu na farko ba daga Turai zai zo ba. Ɗan garin ne da ke aiki a Abuja ko Legas, wanda yanzu yake aiko da kuɗin Sallah ta waya, ya ɗauko mahaifiyarsa ya kama mata haya a Gusau, 'ya'yansa kuma ba su taɓa ganin rumbun kakansu ba. Masu riƙe da gwamnati a Gusau da Abuja, kafin a buga wata takardar tallan wuraren shaƙatawa, a fara buɗe wa wannan mutumin hanyar Moriki.