Kwalbar Ruwan Inabi Ta Kirsimeti: A Karanta Kafin A Saya

Da zarar watan Disamba ya kama, hunturu ya sauko da hazonsa, sai ka ga manyan kantuna a Jos da Kaduna da Yola sun jera kwalabe masu wuyan zinariya, waɗansu a cikin kwandon kyauta tare da biskit da gwangwanin madara. Mai saye yakan nuna da yatsa ya ce a ba shi "wain" guda biyu, ya biya, ya kama hanya. To, amma kwalabe uku da ke jere a kan kanta ɗaya, masu kama ɗaya, suna iya zama abu uku dabam dabam. Ta farko ruwan 'ya'yan itace ne mai kumfa, babu maye ko kaɗan. Ta biyu ruwan inabi ne sosai, mai barasa kashi 12 ko 13 cikin 100. Ta uku kuwa tana iya kaiwa kashi 20, wato ninki huɗu na giyar kwalba da aka saba gani. A gidan da ake tarbar fasto da dattawa, da yara, da maƙwabta Musulmi da suka shigo yi mana barka, wannan bambanci ba abin wasa ba ne.

Ikilisiyoyinmu ba su zama baki ɗaya a kan batun sha ba. Katolika da Angilikan suna amfani da ruwan inabi mai barasa a bagade, yayin da ECWA da Baftis da wasu da yawa suke koya wa membobinsu su guje shi ɗungum. Ba za mu raba wannan gardama a nan ba. Mai sha da wanda ba ya sha, dukansu suna bukatar sanin abin da ke cikin kwalbar da za su ɗora a kan tebur.

Ruwan inabi dai ana samunsa ne idan an matse 'ya'yan inabi aka bar yis ya cinye zaƙin da ke ciki ya mai da shi barasa. Idan yis ya cinye zaƙin duka, Turawa sukan rubuta "dry" a jikin kwalba, ma'ana ba shi da zaƙi. Ja da fari kuwa bambancinsu daga ɓawo yake. Idan an bar ruwan ya jiƙu tare da ɓawon baƙin inabi, sai ya yi ja, ya kuma ɗauki wani bauri irin wanda ake ji a baki bayan cin goro. Farin kuwa ana raba shi da ɓawon tun da wuri.

Al'adar zaɓen ruwan inabi bisa ga lokacin shekara daga Turai ta fito, inda Kirsimeti ke faɗuwa a tsakiyar sanyi mai dusar ƙanƙara, rana na faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu. A lokacin abincinsu yakan yi nauyi: gasasshen naman shanu, dinya, agwagwa, cuku. Saboda haka sukan ajiye farin ruwan inabi mara nauyi na lokacin zafi, su koma ga ja mai kauri, irin na Bodo da kwarin Ron a Faransa, ko Riyoha a Sifen, domin baurinsa yana yanke maiƙon nama. Bayan abinci sai a kawo Port, wanda ake yi a kwarin kogin Duro a arewacin Fotugal, yankin da aka shata wa iyaka tun 1756. Shi Port, tun yis bai gama aikinsa ba ake zuba masa barasa mai ƙarfi, sai zaƙin ya tsaya a ciki, ƙarfin kuma ya hau zuwa wajen kashi 20. A nan haɗarinsa yake. Yana da zaƙi kamar ruwan zabibi, wanda bai sani ba zai cika tambulan ya shanye, alhali masu shi a ɗan ƙaramin kofi suke kurɓarsa.

Jamusawa kuma suna da nasu. A kasuwannin Kirsimeti, waɗanda ɗaya daga cikin mafiya tsufa ita ce ta birnin Diresdin da aka fara a 1434, ana sayar da jan ruwan inabi da aka ɗumama da kirfa da kanumfari da ɓawon lemo da sukari, suna kiransa Glühwein. Mutanen Suwidin suna da irinsa, sukan jefa zabibi da almon a ciki. Waɗansu suna zaton ɗumamawa tana korar barasar. Ba ta kore ta. Masu dafawa da gangan ba sa bari ya tafasa, kuma ko an tafasa shi, wani kashi yakan rage.

Akwai wani zato da ya fi wannan haɗari, kuma ya iso wurinmu: wai barasa tana maganin sanyi. Abin da take yi shi ne ta buɗe ƙananan hanyoyin jini na fata, jini mai ɗumi ya taso waje, mutum ya ji kamar ya yi ɗumi, alhali zafin jikinsa fita yake yi. A ƙasashen ƙanƙara wannan yakan kashe wanda ya bugu ya kwana a waje. A daren ɗari na Filato ko Mambila, mai gadi ko ɗan acaba da ya sha don ya kori sanyi ya cuci kansa sau biyu, jikinsa ya ƙara sanyi, hankalinsa kuma ya ragu.

Ya kamata mu tuna cewa dokar "ja don sanyi" ta yanayin wasu ce. A Afirka ta Kudu, inda aka fara matsa inabi a 1659, Kirsimeti a tsakiyar zafi yake zuwa, kuma fari mai sanyi ya fi shiga. Mu ma, ko da asuba ana rawar ɗari, da azahar rana takan buɗe. Ga kuma barkono. Jan ruwan inabi mai bauri da barasa mai yawa yana ƙara wa yaji zafi a baki, don haka ga dafa-dukar shinkafa da farfesun kayan ciki, abin da ke da ɗan zaƙi da sanyi ya fi dacewa. A ganina, wanda ya kashe kuɗi mai yawa a kan tsohon jan Bodo don ya haɗa da farfesu ya yi asara.

Sai mai kumfa, wanda shi ya fi ruɗa mutane. Shamfen na ainihi daga yanki ɗaya kaɗai yake fitowa a arewa maso gabashin Faransa, kuma kumfarsa tana samuwa ne don ana sa yis ya sake aiki a cikin rufaffiyar kwalba. Barasarsa wajen kashi 12 ce. Kalmar "brut" tana nufin kusan babu zaƙi, "demi-sec" mai zaƙi, "doux" mai zaƙi ƙwarai. Babu ɗaya cikinsu da ke nufin babu barasa. Kwalabe irin su Eva da Chamdor da aka saba gani a bukukuwanmu ba su da barasa, amma an yi musu shiga irin ta shamfen, shi ya sa ido kaɗai ba ya raba su. Iskar da ke cikin kwalbar shamfen ta ninka ta tayar mota fiye da sau biyu, kuma murfinta ya sha raunata idon mutane. A sanyaya ta, kada a girgiza, a karkata bakinta daga jama'a, a riƙe murfin a juya kwalbar a hankali.

Ruwan inabi mara barasa yana da nasa tarihi, kuma daga majami'a ya fito. A 1869 wani likitan haƙori ɗan ikilisiyar Metodis a garin Bainlan na jihar Niyu Jasi a Amurka, Thomas Welch, ya ɗauki dabarar Louis Pasteur ta ɗumama abin sha don kashe ƙwayoyin da ke sa shi tsami, ya yi amfani da ita a kan ruwan inabi sabon matsa, domin a samu na Jibin Ubangiji wanda ba ya bugarwa. Ɗansa Charles ne ya mai da abin kasuwanci, sunan kuma yana kan kwalabe har yau. Amma a lura, akwai iri biyu. Akwai ruwan da bai taɓa zama barasa ba, akwai kuma wanda ya zama, aka cire daga baya. Na biyun yakan rage da ɗan abin da bai wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Ga yawancin mutane wannan ba kome ba ne, amma ga wanda ya yi alkawari, ko ɗan'uwan da ke fama ya rabu da shaye-shaye, gara a ba shi na farkon.

Saboda haka, mai saye, juya kwalbar ka nemi lamba mai alamar kashi cikin ɗari, kusa da "vol" ko "alc". Ita ce ke faɗin gaskiya, ba hoton inabi ko launin takarda ba. Ka duba lambar hukumar NAFDAC, da murfin ko an taɓa shi, da rubutun ko akwai kurakurai. A Disambar 2023 hukumar ta kai samame wata kasuwa a Aba ta tarar ana ɗura jabun abin sha a tsofaffin kwalabe masu suna. A 2015 kuma mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan shan ogogoro mai gubar metanol, wadda ko ba ta kashe ba takan makantar. Arha mai yawa alama ce. Kwalbar da ta yi makonni a rana a bakin titi ita ma a bar ta, gama zafi yana lalata ruwan inabi. In kana lissafin baƙi, kwalba mai mililita 750 tana ba da ƙananan kofuna shida.

Uwargida da ke son abu mai ɗumi na daren Kirsimeti ba sai ta je kanti ba. A kasuwannin Jamus ɗin nan akwai na yara da marasa sha, wanda sau da yawa ake haɗawa da shayin 'ya'yan itace, kuma abin da ke ba irin wannan shayi jan launinsa shi ne zoɓo, wanda manoman Jigawa ke nomawa ana fitarwa ƙasashen waje. A tafasa zoɓo da citta da kanumfari da sandar kirfa, a tace, a zuba ruwan lemon zaƙi da ɗan ɓawonsa, a sa sukari ko zuma daidai baki. A zuba a fulas, a kai wa 'yan kwaya da zumuntar mata in sun dawo daga zagayen waƙoƙi da tsakar dare.