Samuwar Amoniya a Jikin Halittu da Masana'antu

Amoniya wata iska ce mai kaifin wari, wadda ta ƙunshi sinadarai biyu, wato naitirojin da haidirojin. Warinta ne ake ji a turken dabbobi inda fitsari ya kwana.

A jikin mutum da dabbobi, amoniya tana samuwa ne yayin da jiki ya sarrafa rarar furotin. Da yake guba ce, hanta kan mayar da ita yuriya, ƙoda kuma ta fitar cikin fitsari. Akasarin kifaye kuwa cikin ruwa suke zubar da ita kai tsaye.

Abin da ya fi ban sha'awa yana ƙarƙashin ƙasa. Kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa naitirojin ce, amma tsiro ba ya iya amfani da ita a haka. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a saiwar gyaɗa da wake su ke mayar da ita amoniya, ba wuta ba inji. Wannan ne ya sa gona ke farfaɗowa bayan an noma wake.

Shi kuwa ɗan'adam sai da ya sha wuya kafin ya iya. A shekarar 1909 Bajamushe Fritz Haber ya haɗa amoniya a ɗakin gwaji, sannan Carl Bosch ya faɗaɗa aikin, har kamfanin BASF ya buɗe masana'anta a Oppau a 1913. Ana buƙatar zafin digiri 400 zuwa 500, da matsi mai tsanani, da ƙarfe domin hanzarta haɗuwar. Haidirojin galibi daga iskar gas ake samo ta. Mafi yawan amoniyar kuma takin zamani ake yi da ita.