Arwen: Budurwar Da Ta Zaɓi Mutuwa Saboda Soyayya

Duk wanda ya kalli fim ɗin The Lord of the Rings, wanda Peter Jackson ya shirya kashi uku tsakanin 2001 da 2003, zai tuna da Arwen, kyakkyawar budurwar nan da Liv Tyler ta fito a matsayinta. Da yawa daga cikinmu mun ɗauki labarinta a matsayin soyayya mai daɗi da ta ƙare da biki da sarauta. Sai dai littafin da aka ɗauko fim ɗin daga cikinsa bai tsaya a ranar biki ba, kuma abin da ya biyo bayan bikin ya fi bikin nauyi.

Marubucin, J.R.R. Tolkien, malamin harshe ne a Jami'ar Oxford ta Ingila, kuma littafin ya fito a juzu'i uku a 1954 da 1955. A ƙagaggiyar duniyarsa akwai wani jinsi da ake kira Elf. Kamarsu ɗaya da mutane, amma tsufa da ciwo ba sa kashe su. In sun gaji da zama, sai su hau jirgin ruwa zuwa wata ƙasa da ke can yamma. Mahaifin Arwen, Elrond, ruwa biyu ne, yana da jinin Elf da na ɗan'adam. Saboda haka 'yarsa tana da zaɓi: ta bi shi yamma ta rayu muddin duniya na nan, ko ta zauna ta mutu kamar kowa.

Aragorn yana da shekara 20 ya fara ganinta, ita kuwa ta haura shekara 2,700. Elrond, wanda shi ya yi renon Aragorn, ya gindaya sharaɗi: ba zai ba da 'yarsa ba sai ga sarkin Gondor da Arnor. Aragorn bai cika sharaɗin ba sai da ya kai shekara 88. Da auren nan Arwen ta rabu da mahaifinta rabuwa ta har abada, domin makomar Elf daban take da ta mutane.

A fim, an ɗan haska ƙarshen ne kawai cikin gargaɗin da Elrond ya yi mata. Cikakken labarin yana cikin ratayen da ke bayan juzu'i na uku, inda masu karatu da yawa ke tsallakewa. Aragorn ya rasu yana da shekara 210. A gefen shimfiɗarsa Arwen ta roƙe shi ya ƙara ko da kaɗan, kuma a nan ne ta amsa cewa sai yanzu ta ɗanɗani ɗacin abin da ta zaɓa. Hanyar yamma kuma ta riga ta rufe mata. Ta yi ban kwana da ɗanta Eldarion da 'ya'yanta mata, ta koma dajin Lothlórien wanda jama'arsa sun watse, ta rasu ita kaɗai a kan tudun da suka yi wa juna alkawari.

Tolkien ba daga iska ya ɗauko wannan ba. Yana ɗan shekara 16 ya haɗu da Edith, amma limamin cocin da ke riƙonsa ya hana shi hulɗa da ita har sai ya cika 21. Ya jira, suka yi aure a 1916. Saboda ita ya ƙagi Lúthien, wata budurwar Elf kuma kakar kakannin Arwen, wadda ita ma ta zaɓi mutuwa domin wani mutum mai suna Beren. Edith ta rasu a 1971, shi kuma a 1973. A kan dutsen kabarinsu a Oxford, an rubuta Lúthien ƙarƙashin sunanta, Beren ƙarƙashin nasa.

Mu matasa bakinmu ba ya nauyi wajen cewa "zan bar komai saboda ke" ko "saboda kai". Arwen ta bar komai da gaske, kuma ta biya farashin bayan fiye da shekara 120, ranar da babu wanda ya rage ya yaba mata. Ta yi kuka, amma ba ta janye alkawarinta ba. Idan littafin ya shigo hannunka, kada ka rufe shi a babin ƙarshe, ka buɗe ratayen.