Na'urar da ke Gadin Sukarin Jini

Duk wanda ya zauna da mai ciwon sukari a Daura, ya ga yadda yake huda yatsa da asuba domin ɗigon jini guda, ya san cewa awon nan, duk da fa'idarsa, labarin lokaci ɗaya kaɗai yake bayarwa, alhali kuwa sukari hawa da sauka yake yi dare da rana: ya haura bayan ƙwaryar fura mai zaƙi, ya faɗi idan mutum ya sha magani ya wuni yana sharar gona.

Saboda haka masana suka ƙera wata 'yar na'ura, faɗinta kamar kwabo, wadda ake mannawa a bayan dantse, siririn zarenta yana ƙarƙashin fata yana awo duk bayan 'yan mintoci, tana aika sakamako zuwa wayar hannu har kwana 14. A watan Ramadan alfanunta ya fi bayyana, domin likitoci sun yi ittifaƙi cewa idan awo ya gaza 70, lalle mai azumi ya karya, shari'a kuwa ta riga ta yi wa majiyyaci rangwame. Sai dai tsadarta ta fi ƙarfin talakan Zango ko Mai'aduwa, wannan kuwa yana damuna ƙwarai.