Zari-ruga: Ƙarfi muna da shi, mai koyarwa muke nema

Idan kaka ta yi a ƙasar Mafara, samari kan cika dandalin kokawa, sauran watanni kuma sai ƙwallon ƙafa. Amma akwai wani wasa da ya haɗa gudun ɗan ƙwallo da dabarar ɗan kokawa, wanda yawancinmu a Ruwan Gizo da Bakura da Maradun sai dai mu gan shi a waya. Shi ne zari-ruga.

Wasan iri biyu ne: na mutum 15, da na mutum 13 da ake kira Lig. Na biyun ya samo asali ne a 1895 a garin Huddersfield da ke arewacin Ingila, lokacin da ƙungiyoyi 22 suka ɓalle saboda an hana su biyan 'yan wasansu, leburori da masu haƙar kwal, diyyar kuɗin aikin da suke rasawa ranar wasa. Ke nan tun fil azal wasan 'ya'yan talakawa ne.

Ƙa'idarsa ba wuya. Ana yin minti 80 da ƙwallo mai siffar ƙwai. Kana iya rungumar ta ka ruga, amma ba ka jefa wa abokinka ita gaba, sai baya ko gefe. Idan abokan hamayya suka kayar da mai riƙe da ita sau shida, ƙwallo ta koma hannunsu. Wanda ya dangwala ta a bayan layin abokan hamayya ya ci maki huɗu.

Najeriya ba baya ba ce a wasan. Ta lashe gasar Gabas ta Tsakiya da Afirka a Legas a 2019, ta sake lashewa a Ghana a 2022. Martin Offiah, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya dangwala ƙwallo sama da sau 500 a rayuwarsa ta wasa, har aka sa shi cikin mutum-mutumin gwarzayen wasan a filin Wembley da ke Landan. A makaranta ya fara.

Wannan ne ya sa muke cewa mai koyarwa ya fi kaya muhimmanci. Ƙwallon ƙafa kowa na iya koyon ta a lungu, amma kayar da mutum yana cikin gudu sai an nuna maka: inda za ka sa kafaɗa, yadda za ka kauda kanka gefe, da yadda ake faɗuwa. Kama mutum a wuya ko a kai laifi ne, kuma yana iya jawo raunin da zai raba ɗalibi da aji. Saboda haka masu horarwa kan fara da nau'in da babu kayarwa, taɓawa kawai ake yi. Wannan ya dace da busasshen filinmu na rani, kuma makarantun 'yan mata ma za su iya yin nasu.

Shawararmu gare ku, ƙannenmu: kada ku kwaikwayi abin da kuka gani a bidiyo. Ku haɗa kai mutum goma zuwa ashirin, ku sami malamin wasanni, shi kuma ya nemi izinin shugaban makaranta ya je ya sami horo. Malami ɗaya da ya iya, da usur da ƙwallo ɗaya, sun isa a fara da aji guda a zangon karatu mai zuwa.